Tsatsar da Ba a Gogewa

Na san abin da baffanku Sale yake faɗa muku game da yadda na bar aikin takubba. Wata rana ya ce Bajapanen ne ya tsufa ya rufe ɗakin aikinsa, wata rana ya ce hassada aka yi mini don ni baƙar fata ne. Sale bai taɓa taka Dubai ba, ko filin jirgin Kano ma rakiya ce take kai shi, amma in yana ba da labarin sai ka rantse a gabansa aka yi. Babu wanda ya yi mini hassada, kuma tsohon bai rufe komai ba a lokacin. Mahaifiyarku ta san yadda aka yi, ta riƙe bakinta shekara da shekaru saboda na roƙe ta. Yanzu Baba, kakanku, ya riga mu gidan gaskiya, ni ma gemu ya yi fari, gara ku ji daga bakina.

Da gyaran na'urar sanyaya ɗaki na shigo garin nan. Aka tura ni wani babban sito a unguwar Al Qusais inda masu hali suke ajiye abin da suke tsoron zafi ya lalata musu, irin su zane-zane da tsofaffin dardumai da makamai na da. Aikina in tabbata sanyi bai ɗaga ba, laima ba ta shiga ba. A can ƙarshen siton akwai wani ɗaki da wani tsohon Bajapane yake haya, sunansa Okabe, gajere ne siriri, kullum da kofin koren shayi ba sukari, wanda na ɗanɗana sau ɗaya na ɗauka horo ake yi mini. Sana'arsa duba tsofaffin takubban ƙasarsu. Masu tara irin waɗannan kaya sukan kawo masa, ya faɗa musu wanda ya ƙera, da zamanin da aka ƙera, da kuma ko an cuce su.

Ranar da na fara shiga ɗakinsa na same shi ya zare wa wani takobi ƙota, ya ɗora shi a kan farin ƙyalle. Kaifin yana ɗaukar ido kamar madubi, amma ɓangaren da yake shiga cikin ƙotar baƙi ƙirin da tsatsa. Ni kuwa ɗan maƙera ne, a bakin zuga-zugi na yi rarrafe, ba na iya ganin ƙarfe a wannan hali in wuce. Na ce masa da ɗan Turancina akwai samfefa da mai a jakata, in yana so in goge masa, ba sai ya ba ni komai ba. Tsohon nan ya miƙe tsaye ya shiga tsakanina da teburin ya baza hannuwa, kai ka ce ɗansa zan yanka. Da ya tabbata ba mugunta na zo da ita ba, sai ya jawo mini kujera ya ce in zauna in ji.

A ranar na fara jin abin da ya cinye mini shekaru masu yawa. Ƙotar takobin Japan ɗan tsinken gora ne yake riƙe da ita, in ka ture shi sai ta zare. Ƙarfen da yake ɓoye a ciki su nakago suke ce masa, ni kuwa wutsiya nake kiransa. A jikin wutsiyar maƙerin yake sassaƙa sunansa da ƙaramin ƙarfen zane, ya fara da yankin da yake zaune, sai sunansa, sai kalmar da take nufin shi ya ƙera. Wani lokaci a ɗaya gefen ya sa shekara. Karanta sunan shi ne ƙaramin aiki, ko da yake shi ma ya ba ni wuya. Babban aikin shi ne ka gane ko sunan na gaskiya ne, domin tun zamanin kakannin kakanninsu ake samun ƙananan maƙera da dillalai suna sassaƙa sunan manya a kan ƙarfen da manyan ba su taɓa gani ba. To a nan tsatsa take zama shaida. Tsohuwar tsatsa baƙa ce mai laushi, kamar gindin tukunyar da ta daɗe a murhu, sabuwa kuwa ja ce mai kaushi. Wadda take cikin ramin rubutun dole ta zama sa'ar wadda take wajensa, in ba haka ba daga baya aka ƙara sunan. Sai ka duba layukan da magagari ya bari, domin kowane gidan ƙira da yadda yake karkatar da nasa. Sai ɗan leɓen ƙarfe da yake tashi a gefen kowane sara, ka ga ko shekaru sun kwantar da shi. Saboda haka kaifin takobi ana wasa shi, ana shafa masa man kanumfari, amma wutsiya ba a goge ta har abada.

Na kamu da abin nan kamar ciwo. In na tashi daga aiki sai in wuce ɗakinsa, na koma kiransa Malam, shi kuma bai hana ba. Ya fara ba ni ƙananan kaya, irin faifan ƙarfen nan da yake tare hannu tsakanin ƙota da kaifi, wanda shi ma masu yinsa suke sa suna. A jirgin ƙasa na cikin gari ina zana haruffansu a tafin hannuna, har mutane suna matsawa daga kusa da ni. Mahaifiyarku in ta gan ni a ƙasa da takardu sai ta ce,

"Yau ma kajin sun bi ta kan takardar ke nan? Abinci dai yana hucewa."

Malam ba mai yabo ba ne. In na karanta daidai sai ya yi shiru ya kurɓi shayinsa, in na kuskure sai ya ce in sake duba. Da tafiya ta yi nisa ya sa aka rage mini aikin sanyi na koma rabin yini a wurinsa, in baƙi sun zo ya ce musu wannan almajirina ne. Na ga yadda wasunsu suke kallona daga sama har ƙasa. Ban damu ba, domin a raina na riga na ga inda zan tsufa.

A shekarar da nake ba ku labari, idon Baba ya rufe da yana. Ya daɗe yana fama, har ya bar maƙera ya koma zaman zaure, hannuwansa a kan gwiwa, yana gane mutane da murya. Na nema masa biza na kawo shi a yi masa aiki. Filat ɗinmu na Al Qusais ɗaki biyu ne da falo, muka ba shi ɗakin da teburin aikina yake, ku kuka dawo wurinmu, lokacin babbarku ba ta fi tsayin teburin ba.

Ku da kuka tashi kuna hawa kafaɗata kuna ja mini gemu, ban san yadda zan fahimtar da ku abin da yake tsakanina da Baba ba. Ni ne ɗansa na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana nemana sai ya ce wa ƙannena ina wancan, in muna tare sai ya ce kai. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa zama a kan kujera yana ƙasa ba, kuma in ya ce ƙarfe ya yi, to ya yi, ko da idona yana ganin bai yi ba. Ba ƙiyayya ba ce. Da zazzaɓi ya kwantar da ni ina yaro, an ce kwana ya yi a bakin ƙofar ɗakin bai shiga ba. Haka muka taso, kuma ban taɓa ganin aibin abin ba sai a wannan shekara.

Ana saura 'yan kwanaki a yi wa Baba aikin, wata mata 'yar Japan da take aiki a wani otal a unguwar Bur Dubai ta kawo wa Malam wani gajeren takobi. Na mahaifinta ne da ya rasu. Ta ce tun suna yara yake faɗa musu wani shahararren maƙeri ne na ɗaruruwan shekarun da suka wuce ya ƙera shi, 'yan'uwanta kuwa suna yi masa dariya a bayan ido. Ba sayarwa za ta yi ba, so take ta san ko mahaifinta gaskiya ya faɗa. Malam yana shirin tafiya gida don addu'ar tunawa da matarsa, ni kuma na ɗauki hutu saboda jinyar Baba. Sai ya naɗe takobin a jakarsa ta ƙyalle ya miƙo mini da hannu biyu.

"Tafi da shi gida," in ji shi. "Ka riƙa dubawa da hasken safe. In na dawo kai za ka faɗa mini, ni zan saurara."

Bai taɓa barin takobin baƙo ya fita daga ɗakin nan a hannun kowa ba. Na fito da shi a ƙirjina, ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna. Na duba shi safiya bayan safiya, kuma zuciyata ta fara karkata cewa sunan na gaskiya ne. Tsatsar cikin rubutun da ta waje launinsu ɗaya, layukan magagarin sun tafi inda ya kamata. Saura wani sara guda a harafin ƙarshe da nake so in ƙara nazari.

Aka yi wa Baba aikin ido na farko lafiya. Ranar da aka cire masa bandeji ya zauna a falo yana kallon komai, labule, agogon bango, fuskokinku. Ya daɗe yana juya tafin hannunsa yana dubawa. Na ga hawaye, sai na tashi na shiga kicin don kada ya san na gani. Washegari da hantsi ya hango jakar ƙyallen a kan teburi ya tambayi mahaifiyarku mene ne wancan yake ɓoyo. Na durƙusa na zare masa. Ba zan ɓoye muku ba, so nake ya gani, so nake ya san ɗan da ya bar maƙera ya tafi gyaran sanyi bai rabu da ƙarfe ba. Ya kalli kaifin, ya karkata shi ga taga yana bin layin da wuta ta bari a bakinsa, ya ce,

"Wannan mutumin ya san wuta."

Daɗi ya ɗebe ni, na ture tsinken goran na zare ƙotar don in nuna masa sunan. Fuskarsa ta sauya nan take. Ya shafa wutsiyar da babban yatsa, ya duba yatsan, ya ja tsaki.

"Haba. Ƙarfe irin wannan a bar shi haka?"

"Haka suke barinsa, Baba," na ce, kaina a ƙasa.

"Haka ragwaye suke barinsa dai. Sun gyara inda ake gani, sun bar inda ba a gani."

Na yi 'yar dariya, irin wadda ɗa yake yi in ubansa ya yi magana. Bayanin da Malam ya yi mini a ranar farko yana nan a bakina kaf, da na buɗe baki da ya fito. Amma ta yaya zan zaunar da mutumin da ya ɗora mini masaba a hannu in koya masa abin da ake yi wa ƙarfe da abin da ba a yi? Ta yaya zan ce masa kada ka taɓa? Na mayar da ƙotar, na naɗe, na ɗora jakar a saman kwaba, na ce wa kaina hakan ya isa. Da na shiga kicin na ce wa mahaifiyarku ko za ta ɗan sanar da shi cikin hikima kada a taɓa kayan. Ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Ni? Ni zan ce wa Baba kada ya taɓa abu a gidan ɗansa? Kai da ka fito daga jikinsa ka kasa, sai ni?"

Bayan kwana biyu na fita karɓo masa maganin ɗigawa, daga nan na biya kasuwar Naif in sayo takalma da jakunkuna na tsarabar mutanen gida. Na haɗu da wasu 'yan Kano masu lodin kago, wato kayan da 'yan kasuwa suke aikawa gida, hira ta ja ni har bayan azahar. Abin da ya faru a bayana mahaifiyarku ce ta faɗa mini. Baba ya leƙo ya ce a ba shi lemun tsami, ta kai. Ya ce a ɗebo masa tokar kaskon turaren wuta, ta ɗebo. Ya ce soson ƙarfe na wanke tukunya, da dutsen nan na goge kaushi da ya gani a banɗaki. Ta ɗauka butarsa ta tagulla zai wanke, ta durƙusa ta ajiye masa ta fito, har tana murna tsoho ya samu abin yi. Tsinken gora kuwa sau ɗaya ya ga na ture shi, kuma maƙeri ba ya bukatar a nuna masa sau biyu.

Ƙamshin lemun tsami ne ya tare ni a bakin ƙofa. Baba yana zaune a ƙasa kusa da taga, ya shimfiɗa jarida, ya naɗe kaifin takobin da tawul ya ɗora a cinya, yana ɗan waƙe-waƙen da yake yi a maƙera da ina yaro. Wutsiyar tana walƙiya kamar sabon cokali. Sunan yana nan ana iya karantawa, amma ya bi cikin kowane harafi da tsinken sakace ya fitar da baƙin, ya bi gefuna da dutse ya kwantar da leɓen saran, layukan magagarin ma ya daidaita su sumul. Aiki ne mai tsabta, babu inda ya tsallake. Ledojin da ke hannuna suka zame ƙasa. Ya ɗago ya dube ni da sabon idonsa, fuskarsa a sake yadda na shekara goma ban gan ta ba.

"Ga kayan mutane nan," ya ce. "Bari in yi alwala."

"Sannu da aiki, Baba."

Abin da ya fito daga bakina ke nan. Na shiga banɗakinmu na buɗe famfo don kada a ji ni, na zauna a bakin baho. Ba fushi nake ji ba, kunya ce, irin wadda take sa mutum ya ji kamar a tsakiyar kasuwa aka tuɓe shi. Yanzu babu wani mahaluki a duniya da zai iya cewa sunan nan na gaskiya ne ko na ƙarya, har Malam kansa.

Kwanakin da suka rage kafin Malam ya dawo, ni da mahaifiyarku a kicin muke rigima cikin raɗa, Baba yana falo yana wasa da ku.

"Ka faɗa wa Malam ɗin gaskiya, shi ke nan," in ji ta. "Shi ma tsoho ne, shi ma uba ya haife shi. Ka ce babanka ne, bai sani ba."

"In kai sunan Baba gaban baƙi a matsayin wanda ya yi ɓarna?"

"To sunanka fa? Shekara nawa kana zana ƙafar kajin nan?"

"Malam ya ce in ya dawo zai zo ya gaishe shi. Kina so ya zo ya zauna yana kallonsa da wannan a ransa? Ko kina so matar ta ce sai ta ga wanda ya yi?"

"Ni ina so ka yi tunanin yaran nan ne kawai."

Ta fi ni gaskiya ta fuskoki da yawa, na sani tun a lokacin. Amma duk sanda na kwatanta kaina ina cewa mahaifina ne, sai in ga tsohon da ya yi shekara hamsin ana kawo masa garma da lauje daga ƙauyuka bakwai ya zama labarin da za a riƙa bayarwa a wurin shan shayi, wai wani tsoho daga Afirka ya wanke takobi da soson tukunya. Harshena ya ƙi ɗaukar wannan.

Malam ya dawo da fara'arsa, har da ɗan kwali naɗe da takarda mai kyau a kan teburinsa. Ya zuba shayi ya gyara zama ya ce yana saurare. Na zare ƙotar na ajiye takobin a kan farin ƙyallen. Ban taɓa ganin jini ya bar fuskar mutum haka ba. Ya ɗauko gilashinsa ya duƙa a kai ya daɗe, yana bi harafi bayan harafi kamar mai neman wanda ya rage da rai a gidan da ya rushe. Daga baya ya ajiye gilashin.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne."

"Kai ka san abin da tsatsa take nufi tun ranar da ka fara shigowa nan."

"Na ga kamar ja tana tasowa a gefe, na ce in ɗan taɓa, hannuna ya zarce."

Ƙarya ce maras kai, ko yaro ba zai yarda ba. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya sake tambaya a hankali ko akwai abin da nake so in ƙara, na ce babu. Sai ya ce in je in sa riga mai kyau, za mu Bur Dubai.

Mun sami matar a wani ƙaramin ɗakin baƙi a otal ɗin da take aiki, ta fito da murmushi tana tsammanin amsa. Malam ya ajiye jakar a kan teburi, ya ja baya, ya sauka a kan gwiwoyinsa, ya dafa ƙasa da hannu biyu ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa dardumar. Mutum ne da ya haura saba'in, ita kuwa ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba. Ya yi mata magana da harshensu, na tsinci abin da na tsinta. Bai ce almajirina ya yi ba, cewa ya yi kayanki ya lalace a hannuna. Ni ina tsaye a bakin ƙofa kamar turke, na rasa ko in durƙusa ko in fita. Ta zare ƙotar ta duba, ta shafa sunan da yatsa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta juya ga Turanci, ina jin don ni ma in ji, ta ce,

"Ke nan ba za a taɓa sani ba?"

Malam ya ce ba za a taɓa sani ba. Na so in ce mata na duba shi kafin ya lalace, kuma ina ganin mahaifinta gaskiya ya faɗa. Amma maganar wanda ya goge wutsiyar takobi da hannunsa wa zai saya? Na haɗiye ta. Har yau in na tuna goshin tsohon nan a ƙasa sai in ji zufa ta keto mini.

Muka koma sito ni da Malam. Ya ce aikin sanyi yana nan in ina so, zai yi magana a mayar da ni cikakken yini, amma ba zai ƙara iya miƙa mini takobin kowa ba, kuma ba zai iya kirana almajirinsa a gaban baƙi ba. Ya faɗa ba tare da zafi ba, na ce na gane. Na juya zan fita ya kira ni, ya ɗauki ɗan kwalin nan ya miƙo mini da hannu biyu.

"Alewar garinmu ce. Ka kai wa mahaifinka, ka ce ina taya shi murnar idonsa."

Ko ya gane ko bai gane ba, ban sani ba, kuma bai taɓa zuwa gaisuwar ba. Na ƙarasa shekarar ina gyara sanyin ɗakin da a da nake zama a cikinsa, in shiga da tsani in fita da tsani, idona yana kauce wa teburin. Da na kasa jurewa na ajiye aikin na koma Naif wurin 'yan kago, inda kuka taso kuka same ni.

Baba ya zauna har aka yi masa ido na biyu. Ana jibi zai koma gida na ɗauke shi zuwa kasuwar yadi ta Bur Dubai ya zaɓa wa iyayenmu mata atamfa da idonsa. Muka shiga kwalekwalen haya da yake ƙetare ruwa, matuƙin yana cewa yalla yalla, wato a yi sauri, Baba ya riƙe benci da hannu biyu yana kallon tsuntsaye da jiragen katako. Dole ta sa muka zauna kafaɗa da kafaɗa, abin da ban tuna mun taɓa yi ba. Muna tsakiyar ruwa ya yi gyaran murya, bai dube ni ba.

"Mai takobin nan ya ji daɗi ko?"

"Ya ji daɗi, Baba."

"Ai na gani, tunda har da tukuici ya aiko." Ya gyara zama a kan bencin. "Ban so in yi maka faɗa a gaban iyalinka ba. Amma ka ji da kyau, duk inda ka je a duniya ɗan maƙera ne kai. Ba a mayar wa mutum ƙarfensa da tsatsa, sai a ce ba a koya maka ba a gida. Shi ya sa na tashi na rufa maka asiri."

Kwalekwalen ya doki bakin gaɓa, mutane suka fara miƙewa. Na riga shi tashi na miƙa masa hannu don ya taka.

"Na gode, Baba," na ce. "Allah ya ƙara girma."